Zaɓen Ƙarfen Wuƙar Mahaƙin Tarakta a Boɗinga da Shagari

Mahaƙin tarakta murɗaɗɗen ƙarfe ne da ake ratayawa a bayan tarakta domin haƙa ramuka masu faɗi ɗaya da zurfi ɗaya, irin na dirkokin shinge, da na dashen mangwaro, gwaiba ko darbejiya, da na ginshiƙan rumfa. Sassansa ba su da yawa. Akwai sandar da ke ɗauko juyi daga gindin tarakta, akwai akwatin giya da ke karya juyin ya tura shi ƙasa, sai mahaƙin kansa, wato bututu mai kauri da aka naɗe da fiffiken ƙarfe tun daga sama har ƙasa. A can ƙarshensa akwai tsini mai shiga gaba ya riƙe tsakiyar rami, a gefensa kuma wuƙaƙe biyu, ɗaya nan ɗaya can, ɗaure da noti. Fiffiken ba ya yanka komai, kwasar ƙasa kawai yake yi yana zubarwa a bakin rami. Yankan duka na wuƙaƙen nan biyu ne, waɗanda a ƙaramin mahaƙi kowace ba ta wuce tafin hannu ba.

Su ne ke fara cinyewa, kuma dama don haka aka yi su masu kwancewa. Matsalar ita ce mahaƙi ba na'ura ba ce da ta cika gari kamar garma da haro, saboda haka kayan gyaransa ba sa zama a shago. Mai tarakta a Boɗinga, mai nisan kusan kilomita 25 kudu da birnin Sakkwato, ko a Shagari da ke gaba kan hanyar Tambuwal da Jega, idan wuƙarsa ta ƙare yana iya zagaye birni bai sami mai ramukan noti daidai da nasa ba. Aike zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna yana cin kwanaki, aiki kuwa ba ya jira. Mafita mafi kusa ita ce rumfar maƙeri ko shagon mai walda, a yanko wata daga tsohon ƙarfe. Daga nan ne kuskure biyu suka saba faruwa: ko dai a ɗauko ƙarfen da ya fi sauƙin yanka, ya dakushe kafin azahar, ko a nemo wanda ya fi kowane tauri, ya tsage a haɗuwarsa ta farko da dutse.

Yadda na'urar ke aiki shi ya sa wannan zaɓi ya yi nauyi. Sandar bayan tarakta an tsara ta ne ta yi juyi 540 a minti ɗaya, akwatin giyar mahaƙi kuma yakan rage shi kashi uku ko huɗu, ya koma tsakanin 135 da 180, ƙarfin murɗa kuwa ya ninka gwargwadon haka. Hannuwa ukun da ake rataya kayan aiki a bayan tarakta, tsarin da Harry Ferguson ya yi wa rajista a 1926, a yawancin taraktoci ɗagawa kawai suke yi, ba sa dannawa ƙasa. Ke nan nauyin na'urar da cizon wuƙa ne kaɗai ke shigar da mahaƙi cikin ƙasa. Wuƙa na dakushewa sai a ga yana ta juyi wuri ɗaya yana goge gindin rami har ya yi sheƙi. Kuma ba shi da giyar baya: in ya maƙale a saiwa ko dutse, sai an kashe inji an warware shi da hannu. Wani abin lura, cin wuƙa ba daidai yake ba daga ciki zuwa waje. A mahaƙi mai faɗin inci 12, bakin waje yana zagaye kusan santimita 96 a kowane juyi, wato kimanin mita 144 a minti ɗaya idan juyin 150 ne, alhali gefen da ke kusa da tsini bai yi rabin rabin wannan tafiya ba. Shi ya sa tsohuwar wuƙa kullum kusurwarta ta waje ce ke fara zagayewa.

Ƙasar da za a haƙa

Ƙasar Boɗinga da Shagari ba iri ɗaya ba ce, har a cikin gona guda. Mafi yawan tudu jigawa ce, inda ake noman gero, dawa da wake da ruwan damina na wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Akwai fadamu masu baƙar laka, irin waɗanda ake noman rani a cikinsu a kewayen madatsar ruwa ta Shagari. Akwai kuma fako da tsakuwa da marmara, wadda wani wuri a fili take, wani wuri kuma tana kwance ƙarƙashin yashi kamu biyu ko uku, ba a sanin da ita sai mahaƙi ya yi ƙara ya yi tsalle. Yankin duka yana cikin kwarin Sakkwato mai duwatsu hawa-hawa, na yashi da na laka da farar ƙasa irin wadda ake yin siminti da ita a Kalambaina tun 1967. Farar ƙasa ba ta cin ƙarfe sosai. Yashi da marmara su ne abin ji.

Mutane kan ɗauka jigawa ba ta wahalar da ƙarfe tunda tana da sauƙin haƙa. Akasin haka ne. Ƙwayar yashi mafi yawanta ma'adinin kwaz ce, wanda a ma'aunin Vickers taurinsa ya kai 1000 ko fiye. Ƙarfen ƙofa da taga bai kai 200 ba, wuƙar da aka gyara da kyau kuma tana tsakanin 450 da 550. Babu ƙarfen da maƙeri zai tsoma ya fi yashi tauri, iyakar abin da ake nema shi ne a rage saurin cin. A jigawa, ke nan, gwargwadon taurin wuƙa gwargwadon daɗewarta, kuma ba a cika fargabar karyewa ba. Marmara ta haɗa abu biyu, tana gurza tana kuma duka, domin wuƙa kan kama gefen dunƙule ta tsaya cak alhali inji yana ci gaba da murɗawa. A nan ƙarfe mai gautsi ba ya kai labari. Laka kuwa da danshinta ba ta cin ƙarfe, sai dai ta liƙe a fiffike, amma in ta bushe a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai wuƙa mai kaifi sosai ke shigarta.

Lokacin aiki ma yana da hannu a ciki. Shinge da ramin dashe galibi da bazara ake yinsu don su riga ruwan farko, wato daidai lokacin da ƙasa ta fi bushewa da tauri. Haka ma aikin dashen itatuwa na hana kwararowar hamada, irin na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Sakkwato ke cikin jihohi 11 na Nijeriya da ya shafa: dubban ramuka ake bukata a ɗan tsakanin lokaci.

Tauri da gautsi

Abin da ke bambanta ƙarfe da ƙarfe, kafin komai, shi ne yawan sinadarin kabon da ke cikinsa. Ƙarfen da masu walda ke aikin ƙofa da gado da shi kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.25 cikin 100 ba. Ko an ƙona shi ya yi ja an tsoma a ruwa, ba ya yin taurin kirki. Daga kashi 0.4 zuwa 0.8 ake samun ƙarfen da ke karɓar tsomi, irin na sifirin da faifan haro da layin dogo. Magagari yana da kashi 1 ko fiye, shi ya sa yake cin sauran ƙarafa, shi ya sa kuma yake karyewa in ya faɗo a kan siminti. Narkakken ƙarfen zubi, irin na gangar burki da jikin tsohon inji, yana da kashi 2 zuwa 4, kuma fashewa yake yi maimakon lanƙwasa.

Tauri da gautsi tare suke hawa. Duk abin da aka ƙara wa ƙarfe na jure gurza, an rage masa na jure duka. Masana'antu suna auna wannan da ma'aunin Rockwell, inda sabon magagari ke wajen 62 zuwa 65, kayan noma masu shiga ƙasa kuma galibi ana tsayar da su tsakanin 45 da 52. Wannan tsakiyar ita ce ake nema wa wuƙar mahaƙi: kusa da 50 ko ɗan sama a jigawa zalla, kusa da 45 inda ake tsammanin marmara.

Irin wannan ƙarfe ba a cika samunsa sabo a kasuwannin yankin ba, kuma dalilin yana da tarihi. Maƙeran ƙasar Hausa sun daɗe da barin narka tama, tun da tsofaffin ƙarafan Turawa suka yawaita a zamanin mulkin mallaka. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba, don haka maƙeran wannan yanki, har da na unguwar Maƙera Assada a birni, da ɓaraguzan mota suka fi sabawa. A zamanin Shugaba Shehu Shagari, ɗan garin Shagari da ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, an yi babban yunƙuri ta fuska biyu: shirin bunƙasa noma na 1980 wanda ya ƙara yawan taraktoci, da aikin ƙarafa na Ajaokuta da Aladja da masana'antun murza ƙarfe na Katsina, Jos da Osogbo. Ajaokuta har yau ba ta kai ga narka tama don kasuwa ba, na Katsina da takwarorinta kuwa rodi da waya aka gina su su yi. Saboda haka ƙarfen wuƙa har gobe a wurin 'yan gwangwan da garejin manyan motoci ake nemansa.

Sifirin, faifan haro da sauransu

Sifirin ɗin mota, wato dogayen ganyayyakin ƙarfe da ake jerawa ƙarƙashin a-kori-kura da tirela, shi ne zaɓi na farko a mafi yawan lokuta. Irin da aka fi sani, mai lamba 5160, yana da kabon kusan kashi 0.6 da kuromiyam kashi 0.7 zuwa 0.9, an kuma ƙera shi ne don ya sha lanƙwasa da duka shekara da shekaru. Ba kowane sifirin ne 5160 ba, amma danginsa duk halinsu ya yi kusa. Kaurinsa a manyan motoci yakan kama daga milimita 8 zuwa 14, wuƙar mahaƙi kuma 8 zuwa 12 take so, faɗinsa ma sau da yawa ya yi daidai. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, sifirin yana fitowa daga masana'anta da tauri tsakanin 42 da 48, wato dama yana inda ake so. Wanda ya yanka shi da faifan injin gurza a hankali, yana zuba ruwa don kada bakin ya yi shuɗi, ya sami wuƙa ba tare da ya kunna wuta ba. Wannan ya fi aminci a kan tsomin da ba a ƙware a kansa ba.

Aibinsa biyu ne. Na farko, tsohon sifirin ba a banza aka cire shi ba. Yana iya ɗauke da ƙananan tsagu da ido ba ya gani, musamman kusa da ramin tsakiya, da wurin da aka naɗe kai, da inda tsatsa ta yi rami. A guji waɗannan wurare, a goge guntun da aka zaɓa har ya yi fari, a shafa masa kananzir a share, sannan a barbaɗa garin alli. In akwai tsaga, kananzir zai tsatso ya zana layinta a jikin allin. Na biyu shi ne huda ramin noti. Bakin huji na yau da kullum ƙonewa yake yi a kansa. Wasu kan wasa bakin hujin kankare mai kan kabaid su huda da shi a juyi kaɗan-kaɗan da mai, wasu kuma su kai wa maƙeri ya huda da zafi, amma wannan yana wajabta sake tsoma wuƙar gaba ɗaya. Hudawa da wutar walda ita ce mafi sauri kuma mafi muni, domin gefen ramin yakan yi tauri mai gautsi, daga nan tsaga ke tashi.

Faifan haro da na garma suna da wata fifiko da sifirin ba shi da ita: su dama don ƙasa aka yi su. Tsofaffin samfura na ƙarfe mai kabon kashi 0.65 zuwa 0.8 ne, na zamani da yawa kuma na ƙarfe mai sinadarin boron ne, wanda kabon ɗinsa bai wuce kusan 0.3 ba amma ɗan boron ɗin da bai kai kashi 0.005 ba yake sa shi karɓar tauri har ciki. Duk inda ake hayar tarakta akwai faya-fayan da suka cinye aka jingine. Sai dai faifan haro siriri ne, milimita 4 zuwa 6, kuma yana da ƙundu. Ya dace da ƙaramin mahaƙi mai inci 6 ko 9 a jigawa, amma a kan marmara yana iya lanƙwashewa a wurin noti. Faifan garma ya fi kauri, 6 zuwa 8. A yanko daga kusa da tsakiya, inda kaurin bai zaizaye ba, kuma kada a yi ƙoƙarin miƙar da ƙundun da guduma a sanyi.

Ga babban mahaƙi mai inci 18 ko 24, irin na dashen itatuwa, bakin gireda da kamfanonin hanya ke zubarwa ya fi dacewa. Kaurinsa yana farawa ne daga wajen milimita 13 zuwa 16, yana da gefe a fiƙe tun asali, kuma yana jure yashi ƙwarai. Aikinsa ne ke da wuya, yana cin faya-fayan yanka, kuma wasu nau'o'insa masu yawan kabon suna da gautsi. Wanda kuma ya sami guntun farantin Hardox, ƙarfen kamfanin SSAB na Suwidin da aka fara yi a 1974 don kwandon tifa da cokalin katafila, ya huta da tsomi. Lambar da ke jikinsa, 400 ko 450 ko 500, ita ce taurinsa a ma'aunin Brinell, inda ƙarfen ƙofa ke wajen 120 zuwa 160. Mai 450 ko 500 ya fi dacewa da wuƙa, yana kuma karɓar walda fiye da sifirin. Sharaɗinsa ɗaya ne: zafin da ya wuce digiri 250 yana kashe masa tauri, don haka ba a kai shi maƙera. A kula kuma, ba kowane farantin da mai sayarwa ya kira da wannan suna ne shi ba.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. Rodi ba shi da tabbas, wani ya taurara wani ya ƙi. Magagari da zoben boris sun cika gautsi. Ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na tukwane da tankuna, laushi gare shi. Tsohon aksul na mota bai dace da wuƙa ba saboda siffarsa, amma yana yin tsini mai kyau. Akwai wani mai ruɗi, ƙarfen manganis da Robert Hadfield ya ƙirƙiro a Sheffield ta Ingila a 1882, mai manganis kashi 12 zuwa 14, wanda ake samu a muƙamuƙin injin fasa dutse. Sunansa ya yi nisa wajen juriya, amma sai ya sha duka mai tsanani fatarsa ke taurara. A cikin yashi, inda gurza ce kawai ba duka, bai fi ƙarfen banza da yawa ba. Maganaɗisu ba ya kama shi, ta haka ake gane shi.

Gwaji kafin a ɓata gawayi

Tsohon ƙarfe ba ya zuwa da takarda, don haka sai an gwada. A ɗora shi a kan injin gurza a inuwa a dubi tartsatsin. Mai ƙarancin kabon yana fitar da dogayen layuka miƙaƙƙu, masu ɗan reshe a ƙarshe. Mai yawan kabon tartsatsinsa gajere ne, mai haske, yana fashewa rassa-rassa. Na zubi kuwa ja ne mai duhu, ba ya nisa. Ya fi kyau a ajiye guntun sifirin da guntun ƙarfen ƙofa a gefe don a riƙa kwatantawa. Gwaji na biyu na magagari ne: in ya ci ƙarfen cikin sauƙi, laushi ya yi yawa, in ya zame yana ƙara bai kama komai ba, tauri ya kai wajen 60 a ma'aunin Rockwell, ya yi yawa. Wanda ake so shi ne magagari ya kama da ƙyar.

Na uku ya fi su faɗin gaskiya. A yanki ɗan siririn guntu, a ƙona shi ya yi ja, a tsoma a ruwa, a matse shi a bais, a rufe da tsumma saboda ido, a buga da guduma. In ya lanƙwashe, ba ƙarfen wuƙa ba ne. In ya karye ƙas kamar tangaran, yana karɓar tsomi. Sai a dubi bakin karayar: mai laushin gani, launin toka, alama ce ta zafi daidai, mai manyan ƙwayoyi masu ƙyalli kuma wuta ce ta yi masa yawa.

Wuta da tsomi

Idan ba makawa sai an shiga wuta, ko don huda ko don miƙarwa, aikin hawa uku ne. Da farko a ƙona ƙarfen ya yi ja, a binne shi cikin toka ya kwana. Washegari zai yi laushin da za a yanka, a huda, a fiƙe. Duk wani aikin siffa a nan ake gama shi, a bar bakin da ɗan kauri kamar milimita 1 zuwa 2, domin baki siriri yana tsagewa a tsomi.

Hawa na biyu shi ne taurarawa. Gawayin ƙirya da maƙera suka fi so yana ba da zafin da ya isa har ya yi yawa. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a digiri 770, sifirin kuma yana son 830 zuwa 850, wato a ɗan ƙara masa kaɗan bayan maganaɗisu ya sake shi. Wannan gwaji ya fi dogaro da launi, musamman a Sakkwato, inda hasken rana ke sa jan ƙarfe ya yi kamar bai nuna ba, mai zuga ya yi ta zuga har ya wuce. Aikin asuba ko na cikin rumfa mai duhu ya fi. Sifirin da faifai mai yawan kabon a mai ake tsoma su, ba a ruwa ba, ruwa yana tsaga su. Baƙin mai shi aka fi samu, yana kuma yi, sai dai hayaƙinsa ba shi da kyau ga ƙirji kuma yana kamawa da wuta. Man gyaɗa ko wani man girki da aka ɗan ɗumama ya fi shi. A sa mai da yawa a gwangwanin ƙarfe mai murfi, a nutsar da wuƙar duka a riƙa motsa ta sama da ƙasa. Ƙarfen boron ne kaɗai a cikinsu ke jure ruwa.

Hawa na uku shi ake yawan tsallakewa, kuma shi ne ke raba wuƙa mai aiki da mai fashewa. Ƙarfen da ya fito daga mai taurinsa ya kai 60, ba a ko jinkirta shi zuwa gobe. A goge gefe ɗaya ya yi fari, a ɗora a kan wani ƙarfe mai zafi ko can gefen wuta, a zuba ido ga launi. Ruwan ƙasa-ƙasa mai haske yana fitowa wajen digiri 230, sai ja mai duhu, sai shuɗi a wajen 300. Wuƙar yanka nama tun a launin farko ake tsayar da ita. Wuƙar mahaƙi ta sifirin a shuɗi ma tana wajen 54, bai isa ba ga ƙasa mai dutse. A bar ta ta wuce shuɗi har launin ya koɗe ya koma toka-toka, wajen digiri 400 zuwa 425, inda taurin ke sauka kusa da 48. Zafin ya ratsa ta a hankali, in an maimaita sau biyu ya fi.

Noti, walda da siffa

Ana yawan ganin mahaƙin da aka liƙa wa guntun sifirin da walda kai tsaye a bakin fiffike. Yana aiki kwana kaɗan, sannan ya ɓalle daga gefen ɗinkin. Dalili shi ne ƙarfe mai yawan kabon in walda ta narka shi, sanyin sauran jikin yana tsoma wurin nan take, ya bar layi mai gautsi. Sandar walda ta gama-gari, E6013, tana ƙara ta'azzara abin. In ya zama dole, a ɗumama ƙarfen zuwa digiri 200 ko 300, a yi amfani da busasshiyar E7018, a rufe da toka ya huce a hankali. Amma noti ya fi, domin wuƙa abin cirewa ce. Notin wuƙa ya zama mai ƙarfi, wanda aka buga wa 8.8 a kai, kuma kansa ya nutse ko ya kasance ta inda ƙasa ba za ta cinye shi ba.

Akwai hanya ta uku ga wanda ke da injin walda amma ba shi da maƙeri: a yi wuƙar da ƙarfe mai laushi mai kaurin milimita 10 ko 12, a shimfiɗa mata sandar walda ta musamman mai taurara fuska, wadda ke ba da taurin 55 zuwa 60 a ma'aunin Rockwell. Fuska ɗaya kawai ake yi wa, shimfiɗa siririya, ta yadda ɓangaren mai laushi zai riƙa cinyewa da sauri ya bar mai taurin a matsayin kaifi. A jigawa wannan dabara tana daɗewa ƙwarai. A marmara kuwa shimfiɗar tana ɓarewa.

Ƙarfe komai kyansa ba ya gyara siffar da ta karkace. Tsohuwar wuƙa, ko ta cinye, ita ce ma'auni, a kwafi ramukanta da karkatarta, a mayar mata da abin da ƙasa ta ci. Fiƙar baki kusan digiri 30 ta isa. Mafi muhimmanci, bakin kaifi ne kaɗai zai taɓa gindin rami, dugadugin wuƙar ya ɗaga sama kaɗan. In dugadugi ya sauko daidai da baki, mahaƙi zai hau kansa ya yi ta zamiya, ko da wuƙar sabuwa ce fil. Kusurwar waje ta zarce fiffike da milimita 5 zuwa 10, don ramin ya fi fiffiken faɗi, in ba haka ba fiffike ne zai riƙa gogar bango yana cinyewa, shi kuwa gyaransa ya fi tsada nesa. Wuƙaƙen biyu su zama daga ƙarfe ɗaya, tsawo ɗaya, nauyi ɗaya. In ɗaya ta fi sauka, ita kaɗai za ta yi aikin, mahaƙi ya riƙa rawa, ramin ya karkace.

Notin kariya

Akwai noti guda a jikin na'urar da ake so ya zama mai rauni. Yana wurin da sandar juyi ta haɗu da akwatin giya, kuma aikinsa shi ne ya katse idan wuƙa ta kama abin da ya fi ƙarfinta. Galibi mai laushi ne, mai lamba 4.6 ko makamancinsa, kaurin milimita 8 ko 10, gwargwadon yadda masu na'urar suka tsara. Sabuwar wuƙa mai cizo tana sa shi yawan katsewa a marmara, sai direba ya gaji ya sa mai 8.8 ko guntun rodi. Taraktocin da suka fi yawa a yankin, irin Massey Ferguson 375 mai ƙarfin doki kusan 75, sun fi ƙarfin yawancin akwatunan giyar mahaƙi, don haka dukan da notin ya ƙi ɗauka haƙoran giya ne za su ɗauka. Abin da ya dace shi ne a rage wuta, a riƙa ɗaga mahaƙi yana zubar da ƙasa bayan kowane kamu ɗaya ko biyu, a ajiye notunan kariya da yawa a akwatin tarakta. Inda marmara ta yi kauri, a fasa ta da dagi ko diga, ko a zuba ruwa a ramin ya kwana. In gona duka marmara ce, wuƙar gida ba ta isa ba, sai haƙora masu kan kabaid na masana'anta.

Dakusasshiyar wuƙa ita ce kan gaba wajen jawo haɗari, domin ita ke sa mutane su hau kan na'urar ko su danna ta da hannu don ta shiga. Sandar da ke juyi 540 a minti tana yin tara a daƙiƙa ɗaya, kuma babbar riga, rawani ko hannun jamfa in ta kama su ba ta ba mutum damar ja da baya. Ba a tsayawa kusa da mahaƙi yana juyi, ba a kuma taɓa shi sai an kashe inji. Sabuwar wuƙar gida a fara gwada ta a ƙasa mai laushi, mutane na nesa, a yi rami biyu ko uku, sannan a kashe a duba ko akwai tsaga a gefen ramukan noti, a ƙara ɗaure su. Daga nan a riƙa duba kusurwar waje kowace safiya. Da zarar ta zagaye har ta koma daidai da fiffike, lokacin wasawa ko juyawa ko sauyawa ya yi.